Jirgin Cutty Sark a Ma'aunin Ɗaya Bisa 96

Duk wanda ya ce mini zai haɗa ƙaramin samfurin Cutty Sark da katako, abin da nake fara tambayarsa shi ne: na wace shekara? Galibi sai ka ga mutum ya yi turus. A ganinsa ai jirgi ɗaya ne, ga shi can a girke a Greenwich, bakin kogin Thames a Landan, kowa na iya zuwa ya zagaya shi ya ɗauki hoto. To amma jirgin da aka tura cikin ruwa a Dumbarton ta ƙasar Sikotilan ranar 22 ga Nuwamba, 1869, ya sha sake kama tun daga wannan rana.

An ƙera shi ne don jigilar ganyen shayi daga ƙasar Sin, da dogayen ginshiƙai uku da filafilai 32, waɗanda in an baza su gaba ɗaya faɗinsu ya kusa murabba'in mita 3,000. A 1880, da kasuwa ta ja baya, mai jirgin John Willis ya sa aka rage tsawon ginshiƙan da sandunan da ke gicciye a kansu, don a iya tuƙa shi da ma'aikata kaɗan. A 1895 aka sayar da shi ga wani kamfanin Fotugal, suka raɗa masa suna Ferreira. A 1916 ginshiƙansa suka karye a guguwa daura da kudancin Afirka, aka ja shi zuwa Cape Town, aka ɗora masa wani tsarin filafilai dabam. A 1922 Kyaftin Wilfred Dowman ya saye shi ya dawo da shi Ingila, ya yi ta ƙoƙarin maido masa da kamanninsa na farko. Tun 1954 yake Greenwich, ya sha gobara a 2007, aka sake buɗe shi ga jama'a a 2012. A takarda jirgi ɗaya ne. A kan teburin mai sassaƙa kuwa jirage ne huɗu ko biyar, kuma in ba ka tsayar da ɗaya ba tun farko, za ka wayi gari da ginshiƙan wani zamani a kan gangar jikin wani zamani, ka ƙera jirgin da bai taɓa shiga ruwa ba.

Ni na zaɓi na zamanin Kyaftin Richard Woodget, wanda ya karɓi jirgin a 1885 ya riƙe shi shekara goma. Masu son dogayen ginshiƙai za su ce na saki jirgin shayi na kama jirgin ulu, kuma da gaskiyarsu. Sai dai a harkar shayin jirgin bai taɓa cika burin mai shi ba. Kwana biyar kacal kafin a tura shi ruwa aka buɗe mashigin Suwez, wanda ya taƙaita wa jiragen tururi hanyar zuwa Sin da dubban mil, alhali masu filafilai bai yi musu rana ba, domin iskar Bahar Maliya ba ta tafiya da su, dole suka ci gaba da zagaye Afirka. Zuwa 1877 shayi ya ƙare masa. Sunan da ya yi a duniya, a gashin tumakin Ostireliya ya yi shi. Woodget ya riƙa gangarawa can kudu inda iska ke kaɗawa ba ƙaƙƙautawa, cikin tsaunukan ƙanƙara masu yawo a teku, har ya taɓa ɗauko shi daga Sidni zuwa Ingila cikin kwana 73. Sannan ga abin da ya fi jan hankalina a matsayina na mai sassaƙa: Woodget mutum ne mai ɗaukar hoto. Hoton da aka ɗauka jirgin yana cikin aikinsa ya fi mini zanen da wani ya yi daga baya bisa tunani, komai kyan zanen. Ina haɗa hotunan da zanen gini da George Campbell ya yi lokacin gyaran shekarun 1950, inda suka saɓa kuma, hoto nake bi.

Ma'aunin da nake aiki da shi ɗaya bisa 96 ne. Lambar ta yi kama da wadda aka tsinta a hanya, amma daga awon Ingilishi ta fito: kowace ƙafa ɗaya ta jirgi tana zama kashi ɗaya bisa takwas na inci, sha biyu sau takwas kuwa 96. Gangar jikin da ta kusa mita 65 ta dawo santimita 67 da 'yan kai. In an haɗa da sandar da ke miƙewa daga goshi, tsawon duka ya kusa santimita 90, babban ginshiƙi kuma bai kai rabin mita ba. Amma lissafin da ya fi duk waɗannan amfani a wurina shi ne wannan: in na sunkuya na kalli samfurin daga nisan santimita 30, daidai yake da mutumin da ya tsaya mita 29 daga jirgin gaske. Me ido ke gani daga mita 29? Yana ganin layin jiki, yana ganin launi, yana ganin igiyoyi da inda suka nufa. Ba ya ganin kan ƙusa. Kusan duk gardamar da nake yi da masu wannan sana'a, a kan wannan take.

Aikin yana farawa da ƙashin baya na filawud, da haƙarƙari waɗanda ake sokawa a gicciye cikin tsagar da aka yanka musu. Nan ba wani abin burgewa, sai dai in ƙashin bayan ya karkace ko da milimita ɗaya, karkatar za ta bi ka har kan ginshiƙi. Ina matse shi tsakanin katakai biyu miƙaƙƙu a kan allo, kowane haƙarƙari kuma sai na gwada shi da sukwaya kafin gam ya kama. Goshi da ƙeya, inda lanƙwasa ta fi tsanani, ina cike tsakanin haƙarƙarin da guntayen balsa, wani katako mai laushi marar nauyi, don katakon rufi ya sami abin kwanciya.

Daga nan sai aikin da kowa ke son ya tsallake, wato gyaran bakin haƙarƙari. Kowane ɗaya an yanko shi da baki a miƙe, jirgi kuwa ba shi da miƙaƙƙen wuri a jikinsa in ban da tsakiya. Dole a bi su da sanfefa da aka manna a jikin doguwar sanda, ana cin bakin kowanne gwargwadon yadda jiki ke shigewa, har siririn katako in an kwantar da shi ya taɓa kowane haƙarƙari da cikakken faɗinsa, ba tudu ba rami. Babu na'urar da ke gaya maka ka gama. Sai dai ka ɗaga shi saitin fitila, ka runtse ido ɗaya, ka leƙa daga goshi zuwa ƙeya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kuma a wannan jirgi musamman ba a wasa da goshi. Hercules Linton, wanda ya zana shi, Willis ya kai shi ya duba wani jirginsa da yake ji da shi mai suna The Tweed, daga nan aka ɗauko wannan siririn goshi mai tsaga ruwa. In ka bar shi ya yi kumatu, ka yi jirgin dakon kwal, ko da ka rubuta masa Cutty Sark da ruwan zinariya.

Rufin jiki hawa biyu nake yi. Na farko da farin katako mai laushi, kaurin milimita ɗaya da rabi, shi ke ba da siffa. Na biyu siriri ne kamar takarda mai kauri, shi ne fuska. Mutane da yawa suna jiƙa katako kwana guda suna jiran ya yi laushi, alhali zafi ne ke lanƙwasa shi, ruwan yana taimakawa ne kawai wajen kai zafin ciki. Ina tsoma shi a ruwan zafi na ɗan lokaci, in ɗora a kan abin da na sassaƙa mai siffar lanƙwasar, in bi shi da dutsen guga, sannan in bar shi ya bushe sarai kafin gam ya taɓa shi. Jiƙaƙƙen katako ya kumbura. In ka manna shi a haka, gobe zai tsuke ya bar maka tsaga.

Wurin da katako ke koya wa mutum yadda jirgi yake shi ne wajen rage faɗi. A ce daga ƙashin baya zuwa bakin daɓe a tsakiyar samfurin santimita 11 ne, a kusa da goshi kuma takwas. Katakan da suka rufe sha ɗayan nan su ne dai za su rufe takwas ɗin, don haka kowane ɗaya sai ya tsuke yana tafiya gaba. Ina yanka siririyar takarda ga kowane haƙarƙari, in auna tsawon bakinsa, in raba da yawan katakan, in mayar da alamomin a jikinsa da fensir. Sai a fere kowane katako ya bi alamarsa. Ƙa'idar da na riƙe ita ce kada a rage shi ya gaza rabin faɗinsa, kuma kada ya ƙare da tsini, don kafintan jirgin gaske ba shi da inda zai kafa ƙusa a tsini, ruwa ma ta nan zai fara ci. Inda wuri ya ƙure, sai katakai biyu su haɗe su zama ɗaya. A ƙeya inda wuri ke buɗewa, sai a soka ƙarin guntu. Akwai masu cewa wahalar banza ce, tunda fallayen ƙarfe za su rufe rabin jikin, rabi kuma baƙin fenti. Ni dai na ga layin katako yana fitowa ta ƙarƙashin fenti duk lokacin da haske ya bugo daga gefe, kuma layin da ya bi ruwa da wanda aka tilasta masa ba sa ɓoyuwa.

Wani abin dariya game da yin wannan jirgi da katako zalla shi ne, shi kansa ba katako zalla ba ne. Haƙarƙarinsa na ƙarfe ne, aka ɗaure katakai a kai: katakon da ake kira tik daga sama, wani katako mai jure ruwa na Amurka daga ƙasa. Dalilin wannan haɗin gambiza yana da daɗin ji. Haƙarƙarin ƙarfe siriri ne, yana barin wuri mai yawa ga kaya. Amma jikin ƙarfe zalla a ruwan zafi nan da nan gansakuka da ƙananan halittun teku ke manne masa su rage masa gudu, maganinsu kuwa shi ne a lulluɓe ƙasan jirgi da jan ƙarfe. Jan ƙarfe in ya haɗu da baƙin ƙarfe a ruwan gishiri, baƙin ne ke narkewa. Sai katako ya shiga tsakani ya raba su. Abin da wannan ke nufi a teburina shi ne, akwai sassan da dole in sa katako ya daina kama da katako. Katangar da ta kewaye daɓe ta ƙarfe ce, haka ƙananan sassan ginshiƙai bututun ƙarfe ne. Waɗannan sai na shafe su da abin toshe ƙofofin katako, in goge, in sake shafawa, har jijiyar itace ta ɓace kafin fenti. Zuciya ba ta so, don katakon yana da kyau, amma matuƙin da ya yi aiki a jirgin bai taɓa ganin jijiyar itace a wurin ba.

Lulluɓin ƙasan ma ba jan ƙarfe tsantsa ba ne. Wani haɗi ne da George Muntz na Birmingham ya yi wa rajista a 1832, kashi 60 jan ƙarfe, kashi 40 tutiya, ya fi araha, launinsa kuma ruwan ɗorawa ne, yana dusashewa in ya daɗe a teku. Kowane falle ƙafa huɗu ne a tsawo, inci 14 a faɗi, wanda a ma'aunina ya zama kamar milimita 13 da milimita huɗu ba kaɗan. Dubbai ne, ɗaya bayan ɗaya, ana farawa daga ƙeya ana tahowa goshi don bakin kowane falle ya kalli baya, ruwa ya bi ta kansa ya wuce. Waɗanda ake sayarwa a shirye cikin kwalin kayan haɗi, na ajiye su gefe. Ja ne wur, an kuma bubbuga musu ƙuraje a matsayin kan ƙusa, waɗanda in ka ninka su sau 96 kowanne ya kai dunƙulen hannu. Kan ƙusar gaske a wannan ma'auni bai fi kaurin silin gashi ba sosai. Na yanka nawa daga siririn fallen tagulla, ban yi musu ƙusa ko ɗaya ba, na bar iska ta rage musu ƙyalli da kanta.

Haka batun daɓe. Sau da yawa za ka ga samfuri an shafe daɓensa da man ƙyalli yana walƙiya, an ɗiga masa baƙaƙen ɗigo a layi wai ƙusoshi. Daɓen jirgin gaske kullum cikin wanki yake da ruwan gishiri da yashi da dutse, rana kuma tana dukansa, don haka fari-fari ne mai toka-toka, ba ya ƙyalli. Ramukan ƙusoshinsa da toshiyar katako iri ɗaya ake rufe su, da ƙyar ake ganinsu ko kana tsaye a kai. Abin da ake gani shi ne siririn baƙin layin kwalta tsakanin katako da katako, shi kuma fensir mai laushi da aka goga a gefe ɗaya na kowane katako ya wadatar. Gefe ɗaya, ba biyu ba. Mahaɗar katakai kuma ba ta faɗowa kusa da ta maƙwabcinta, sai an tsallake uku ko huɗu kafin ta sake dawowa kan layi ɗaya.

Ina da wani ɗan mutum-mutumi da na yanka da takarda mai kauri, tsawonsa milimita 18, wato matsakaicin mutum a wannan ma'auni. Shi ne alƙalina. Duk abin da na ƙera a kan daɓe sai na tsayar da shi kusa. Zai iya shiga ƙofar ɗakin girki ba tare da ya rusuna har ƙasa ba? Hannunsa zai kai sitiyari? Matakalar nan, taku ɗaya nata ya kai masa gwiwa ko ƙugu? Shi ya sa na sake fere 'yan turakun da ake ɗaure igiya a kansu, don waɗanda suka zo a kwali sun kai cinyarsa kauri, alhali abu ne da matuƙi ke zarewa da hannu ɗaya. Har akurkin kajin da ke kan daɓe da shi na auna, don jirgin yana tafiya da kaji da aladu saboda doguwar hanya.

Allon akala, wanda ke can ƙeya cikin ruwa yana juya jirgi, ƙaramin aiki ne a samfuri, guntun katako da maratayan tagulla. Amma na daɗe a kansa fiye da yadda ya cancanta, saboda labarin 1872. A shekarar Cutty Sark da babban abokin hamayyarsa Thermopylae suka bar Shanghai rana ɗaya da shayi. A tekun Indiya Cutty Sark yana gaba da kusan mil 400 sai guguwa ta ɓalle masa wannan allo ta tafi da shi. Ɗan'uwan mai jirgin yana ciki, ya matsa a nufi tashar Afirka ta Kudu a gyara, Kyaftin George Moodie ya ƙi. Kafintan jirgin, Henry Henderson, ya haɗa wani allon da sandunan ajiya, aka hura maƙera a kan daɓe ana ƙera ƙarafan rataya shi, jirgi yana tangaɗi, igiyar ruwa tana kifar da wutar. Cikin kwana shida suka rataya shi. Sun isa Landan mako ɗaya bayan Thermopylae, sun sha kaye, amma har yau maganar allon Henderson ake yi. Nawa a zaune a kujera na yi shi, da fitila da hantsaki, kuma duk da haka sai da ya ba ni aiki kafin ya yarda ya juya a kan marataya.

Sai igiyoyi, inda rabin aikin yake, inda kuma mafi yawan samfura ke tsayawa su shekara a kan kabad. Jirgin yana ɗauke da igiya da tsawonta ya kai mil 11, kusan kilomita 18. Raba da 96, ka sami zare wajen mita 180 da zai hau kan abin da bai kai tsawon hannu biyu ba. Iri biyu ne. Akwai na tsaye, waɗanda ke riƙe ginshiƙai kada su faɗi, ba a taɓa su in an ɗaure. A wannan jirgi na waya ne, baƙaƙe. Akwai kuma masu gudu, waɗanda ake ja ana saki dare da rana don ɗaga filafili ko juya sanda, su kuma launin rama ne. Kauri ma ba ɗaya ba: na ƙasa masu riƙe nauyi sun fi kauri, ana hawa suna sirancewa. Samfurin da aka yi wa zare iri ɗaya daga ƙasa har sama, ko wanda bai san jirgi ba zai ji wani abu bai zauna ba, ko da ya kasa faɗin mene ne.

Dokar da na kafa wa kaina ita ce ba na ɗaura zaren da ban san aikinsa ba. Kafin in yanke shi sai na iya faɗin inda ya taso, 'yar kurar jan igiya da ya bi ta ciki, turken da ya ƙare a kai, da abin da zai motsa in mutum ya ja shi. Wannan yana jawo jinkiri ƙwarai, amma da shi zanen igiyoyin da ya yi kama da saƙar gizo ya fara warwarewa. Misali, igiyoyin da ke juya sandunan ginshiƙin gaba da na tsakiya baya suke nufa, amma na ginshiƙin baya gaba suke dawowa zuwa na tsakiya, saboda a bayansa babu sauran jirgin da za a ja daga kai. Da ka gane wannan, ba ka ƙara buƙatar haddace zane. Haka filafilin hawa na biyu da aka raba gida biyu, na ƙasa sandarsa a kafe, na sama tana hawa tana sauka: an yi haka ne don mutane kaɗan su iya naɗe shi cikin iska mai ƙarfi, maimakon ƙaton zane guda da zai buƙaci rabin ma'aikatan jirgi.

Igiyoyin da ke riƙe ginshiƙi ta gefe bibbiyu ake ɗora su, dama sannan hagu, daga gaba zuwa baya. Kowace tana ƙarewa a wani ɗan faifan katako mai ƙofa uku, a ɗaure shi da ɗan'uwansa na ƙasa da siririn zare. Faifan bai wuce milimita uku ba, kuma dole su jeru a layi ɗaya, don haka na lanƙwasa 'yar waya mai ƙugiya biyu da ke riƙe tazarar daidai har in gama ɗauri. A kan waɗannan igiyoyi ake saƙa matakalar da matuƙa ke hawa, tazarar kowane taku kamar santimita 38 zuwa 40 a jirgin gaske, milimita huɗu ke nan a nawa. Ina zana layuka a farar takarda in soka ta a baya, in bi su ƙulli bayan ƙulli. Ba a ja da ƙarfi. In ka ja, igiyoyin gefe za su tsuke ciki su yi ƙugu, kuma ba ya gyaruwa sai an kwance. Kowane taku yana so ya ɗan saki kaɗan, alamar an taka shi. Zaren kuma ina jan sa ta cikin kakin zuma kafin ya hau, don gashinsa ya kwanta. Ƙulli da ɗigon farin gam da aka sirka da ruwa nake kashe shi. Gam mai kamawa nan take yana sa zare ya sandare ya yi ƙyalli, bayan wani lokaci ya karye a daidai wurin.

Filafilai kuwa na yanke shawarar ba zan baza su ba, kuma na san a nan ne za a fi yi mini ca. Zanen filafilin gaske kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ko makamancin haka ba. Raba da 96 ka gani. Babu yadin da ya kai wannan sirantaka, shi ya sa filafilan yadi a kan ƙaramin samfuri suke rataye kamar bargo, ɗinkin bakinsu kuma ya fi igiyar anka kauri. Ga shi suna rufe duk wahalar da aka sha a igiyoyi. Masu amfani da siririyar takarda mai jure ruwa suna samun abin kirki, na gani na yaba, amma ni jirgina yana tsaye ne a tashar Sidni yana jiran a gama danna masa ulu. Wannan zaɓi yana da sharaɗinsa da mutane ke mantawa: in babu filafili a baje, sandunan sama masu hawa da sauka dole a sauke su su zauna a ƙasan matsayinsu, rataye da igiyoyinsu. Jirgin da ba filafili amma sandunansa suna can ƙololuwa, tsohon matuƙi zai gane daga bakin ƙofa. Ƙarƙashin kowace sanda kuma akwai igiyar da ake takawa lokacin naɗe zane, wadda take saukowa daidai yadda cikin mutum zai kwanta a kan sandar, kamar santimita ɗaya a nawa. Zare ba shi da nauyin da zai sa ya yi wannan lanƙwasa da kansa, don haka da siririyar waya da na shafa wa baƙi nake yin ta.

Tsarin ɗauri daga ciki ne zuwa waje, daga ƙasa zuwa sama, don duk zaren da ka ɗaura yau katanga ne ga hannunka gobe. Yanzu igiyoyin tsaye duk sun hau, sandunan ginshiƙin gaba da na tsakiya suna wurinsu, saura na baya. Kwale-kwalen ceto da anka biyu suna cikin akwati an gama su, ba zan ɗora ba sai hantsaki ya daina shiga tsakiyar jirgi. Igiyoyin juya sanduna su ne na ƙarshe, saboda su ke fitowa waje su tare ko'ina. Gidan gilashin kuma na riga na ba da awonsa, da rarar santimita biyar ta kowane gefe, domin ƙura in ta shiga tsakanin zare mita 180 babu burushin da zai fitar da ita ba tare da ya tsinka wani abu ba.